Ƙafar da Sai-Ta-Kama Ya Fasa

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, shi ya riga ya buɗe ɗakinsa. Ɗakin yana can baya, gaba da wurin wanki, inda ba mai zuwa sai wanda ya rasa wani sashe na jikinsa. Tagogi yake fara buɗewa, duka, domin warin ruwan robar da ya kwana a rufe yana iya sa ƙato hawaye. Daga nan ya ɗora bayan hannunsa a jikin gwangwanin ruwan, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta, ya ji ko da sanyi ya kwana ko da ɗumi. Ya leƙa sama ya ga yadda gari ya tashi. Ya hure ƙurar ƙaramin sikelinsa, ya goge tabarau da gefen riga. Sai ya gama wannan duka yake amsa gaisuwa da kyau. Wanda ya gaishe shi kafin nan, ɗaga hannu kawai zai samu.

Sai-Ta-Kama ake ce masa. Likita ko maigadi, kowa haka yake kiransa, har matarsa in ta so tsokana. Ya samo sunan daga bakinsa ne. In ka tambaye shi yaushe aikinka zai fito, amsar ke nan. In aka ce ya fito ya ci abinci, ita ce dai. Ƙafar roba yake yi, da hannun roba, ga waɗanda hatsari ko ciwo ya raba da nasu. Ya shiga ɗakin nan da baƙin gashi, ga shi wannan watan zai fita da furfura, saboda ruwan robar ya cinye masa fatar hannu, ta tsattsage har ba ta warkewa, likita ya ce ya isa haka. Ban ji an buga masa ganga ba, ban ga hotonsa a bango ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona, da abin da waɗanda abin ya shafa suka gaya mini, game da ƙafar Tela.

Amma sai ka san yadda aikin yake kafin ka gane labarin.

Ba tafin ƙafar ne wahala ba, ba kuma bututun ƙarfen da ke zama ƙauri ba. Waɗannan sayo su ake yi. Wahalar tana ga ƙoƙon da dungun mutum zai zauna a ciki, domin ba dungu biyu da suke iri ɗaya. Sai-Ta-Kama yakan naɗe dungun da filasta ya ɗauki siffarsa, ya zuba wata filastar a ciki ya fitar da gunkin dungun, ya yi ta gugarsa da magagari. Ya sa wa gunkin leda, ya jera masa safa a kan safa, ya sake rufewa da wata ledar, ya kunna injin da ke zuƙe iska. Sannan ya zo kan abin da ya ba shi suna. Ruwan roba mai kauri kamar zuma, da wani farin gari ɗan mitsitsi da yake aunawa a sikeli. In ya gauraya su ya ɗura tsakanin ledojin nan, ruwan yakan yi ɗumi da kansa ba wuta, ya daskare ya zama abin da zai ɗauki nauyin mutum shekara da shekaru.

Na daɗe ina mamakin ruwan da ke zafi ba a hura masa wuta ba. Wata rana 'yarsa ta kawo masa abinci, ita malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, sai na tambaye ta.

Ta ce, "Kawu, ka ɗauka ruwan nan cike yake da 'yan ƙananan halittu da ido ba ya gani, kowane yana zaune shi kaɗai ya naɗe hannuwa. Farin garin nan in ya shiga cikinsu sai kowace ƙwayarsa ta tsage biyu. Kowane ɓari ya rasa abokinsa, ya miƙa hannu, ba ya iya zama. A littafi radikal muke ce masa. Da ya ga na kusa da shi sai ya cafke masa hannu ɗaya. Shi kuma wanda aka cafka ɗaya hannun nasa ya buɗe, rashin zaman ya koma kansa, ya cafki na gaba. Haka za su yi ta yi har su zama dogon zare. Zarurrukan su sarƙe da juna, shi ne ruwa ya zama ƙashi. Zafin kuma na cafke-cafken ne."

Na ce, "To ai sai a zuba garin da yawa a huta."

Uban ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau kamar na zagi wani nasa. Ita ta yi dariya ta ce, "Nan ne ake ɓata aikin. In masu neman hannu suka yi yawa, junansu suke cin karo da su, su riƙe juna, zaren ya tsaya tun bai je ko'ina ba. Sai ka samu guntaye. Kuma zafin ya taso lokaci guda, ruwan ya tafasa daga ciki, ya bar ƙananan kumfa. Baba ya san haka da hannunsa tun ba a haife ni ba. Ni suna kawai na kawo masa."

Ya ce, "Sunan ma ban riƙe ba."

Ta ce, "Ai sau goma na faɗa maka."

"Ki ƙara na sha ɗaya, ki tafi, almajiranki na jira."

To, Tela. Mutum ne mai bakin barkwanci, shagonsa yana bakin titi, keken ɗinkinsa irin na takawa da ƙafa. Mota ta buge shi a kan babur yana dawowa daga sayen zare, aka yanke masa ƙafar dama ƙasa da gwiwa. Ciwon ya warke, mutumin ne bai warke ba. Ya rufe shago, ya shige ɗaki, ya juya fuska ga bango. Masu kawo ɗinki suka gaji da sallama suka koma wani wuri. Matarsa ta ce har 'ya'yansa ya daina kira da sunayen wasan da ya raɗa musu. Ya ce shi an gama da shi, kada kowa ya dame shi da zancen ƙafar roba.

Yayansa, direban babbar mota ne, mutum mai faɗin ƙirji da gajeren haƙuri, shi ya ajiye tafiya ya zo ya sungumi ƙanen kamar buhu ya sa a mota ya kawo shi ɗakin Sai-Ta-Kama. Ina kan benci a ranar, na rako wani ɗan'uwana gyaran maɗaurin tasa ƙafar. Tela bai kalli kowa ba har aka gama naɗa filasta. Da za a fitar da shi sai ya ce, "Baba, na zo ne don kada Yaya ya ce na raina shi. Zan dawo ranar karɓa. In bai yi ba, kada wanda ya sake taɓa mini dungu har in mutu."

Yayan ya koma da baya ya rage murya. "Baba, ka ji dai. Ni kuma hutun da aka ba ni ya kusa ƙarewa, in na kama hanya sai Allah ya dawo da ni. Ina so in ga yaron nan a tsaye kafin in tafi. In na tafi ba mai iya fito da shi."

Ranar zubin roba gari ya waye da ruwan sama da sanyi. A irin wannan rana roba takan yi nawa, sai a ɗan ƙara mata gari, wannan ba laifi ba ne. Sai-Ta-Kama ya jera safa, ya ja leda, ya kunna inji, sai ga maigadi yana cewa masu gyaran waya za su ɗauke wuta kafin azahar, kuma ba su ce ga ranar dawowa da ita ba. In injin zuƙe iska ya tsaya roba ba ta kama ba, aikin ya lalace. In ya ɗaga zubin, direba ya tafi. Ya auna garin daidai na ranar sanyi. Ya tsaya. Ya tuna fuskar da aka juya ga bango. Ya ƙara. Ya dubi agogo, ya kuma ƙarawa.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana hana mutane gaggawa, ranar nan tausayi ya tura shi cikinta. Ina faɗin wannan ne da saninsa, shi ya ce kada in ɓoye.

Bai gama shafe ruwan a jikin gunki ba aka ɗauke ruwan sama, rana ta buɗe ta daki kwanon rufi. Ya ce da ya ɗora tafinsa sai da ya janye, zafin ya wuce na kullum. Roba ta kama tun kafin a ɗauke wuta. Ta fito sumul, tana sheƙi, launinta daidai da fatar Tela.

Washegari da safe ya farfasa gunkin filastar ya zazzage shi daga ciki, domin haka ake fitar da ƙoƙo, ba wata hanya. Ya ɗaga ƙoƙon ya saita shi da hasken taga. Can ƙasa, inda robar ta fi kauri, inda za a ɗaura bututun ƙarfe, inda duk nauyin mutum yake sauka, ya ga kumfa ƙanana kamar ƙwan kifi. Ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa. Sautin bai yi masa ba. Ga gunkin kuma ya zama gari a cikin bokiti. In za a sake, sai an koma jikin Tela an naɗa sabuwar filasta, wato abin da Tela ya rantse ba za a ƙara yi masa ba.

Na dawo karɓar aikin ɗan'uwana, ina zaune suka shigo, tun kafin lokacin da aka ba su. Direba ya hango ƙoƙon a kan tebur ya ɗauka yana juyawa. "Kai! Tela, dubi ƙafarka! Wallahi ta fi ta da kyau, waccan ai duk kaushi ce." Matar Tela ta rufe baki tana dariya tana hawaye. Tela da kansa ya saci kallo.

Sai-Ta-Kama ya ce, "Ajiye. Ba ta yi ba."

"Me ya same ta?"

"Ni na same ta. Na cika mata gari don ta yi sauri. Za ta fashe."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Wata ɗaya, shekara ɗaya. Wataƙila yana tsallaka titi."

Direba ya matsa ƙoƙon da hannu biyu, ya buga shi a cinyarsa. "Baba, wannan ko mota ta taka ba abin da zai yi. Ka ɗaura masa kawai. In ta fashe ma dawo. Ka san abin da na sha kafin in fito da yaron nan?"

"Na sani."

"To ni na yarda, shi ya yarda, matarsa ta yarda. Kai mene ne naka?"

Sai-Ta-Kama ya miƙa hannu, direba ya ba shi yana zaton ɗaurawa zai yi. Sai ya ajiye ƙoƙon a ƙasa, ya ɗauki ƙaramar gudumar da yake fasa filasta da ita, ya sauke mata sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Ƙasan ƙoƙon ya tarwatse kamar tsohuwar tukunya. Wani ɓari ya zo har gindin ƙafata.

Direba ya faɗi maganganun da ba zan rubuta ba, har ya ce tsufa ne ya taɓa wa mutum kai. Sai-Ta-Kama ya durƙusa yana tsince ɓaraguzai. Tela kuwa cewa ya yi, a hankali, "Yaya, kai ni gida." Kwana biyu bayan nan direba ya kama hanya bai yi sallama da kowa a asibitin ba.

Kai ne, Sai-Ta-Kama, aka ba ka mafita a hannu ka ƙi karɓa. Masu abu sun ce sun yafe. Ba likitan da zai ɗaga ƙoƙon nan ya saita da taga. Da ta fashe wata rana, cewa za a yi ƙaddara ce, ko a ce Tela ne ya yi tsalle. Ka zaɓi a zage ka a gaban mutane, a ɗakin da ka tsufa a ciki. Na ga masu sana'a da yawa a rayuwata. Na ga maginin da ya shafe tsaga da siminti ya karɓi godiya, na ga makanikin da ya ɗaure birki da waya ya ce a sauka lafiya. Ban cika ganin wanda ya ɗaga guduma a kan aikin hannunsa ba.

Amma fasawa rabin aiki ne, kuma shi ne mai sauƙin. Mutum na can kwance ya juya ga bango, yanzu da hujjarsa.

Abin da ya biyo baya matar Tela ce ta ba ni labari, Tela ya cike sauran. Da la'asar, bayan an tashi aiki, sai ga Sai-Ta-Kama a ƙofar gida da 'yar jaka. Tela ya ce a ce yana barci. Ya zauna a dakali ya jira, ya tafi. Washegari ya dawo. Ya koya wa matar yadda za ta naɗe dungun da bandeji don kada ya kumbura, ya ce, "In ya ƙi, ki ce ba don ƙafa ba ne, don ciwo ne." Haka ya yi ta zuwa har maƙwabta suka fara tanadar masa tabarma. Ranar da matar ta gaji, ta ɗaga labule ta ce, "Baba, shiga kawai. In ya kore ka ya haɗa da ni."

Ya shiga ya zauna a bakin gado. Bai ba da haƙuri ba, bai yi wa'azi ba. Ya ciro ɓarin ƙoƙon daga jaka ya ajiye kusa da matashi.

"Tela, tambaya na zo yi. Ta sana'a."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"In mutum zai ɗinka wando, sai ya ga lokaci ya ƙure, ya tattara guntayen zaren da ke zube a ƙasa, kowane bai kai yatsa ba, ya yi ta ɗinki da su. Ya goge, ya ninke. Zai yi kyau a ido?"

Tela bai juyo ba, amma ya ce, "Zai yi."

"Sai a ba mai shi?"

"A ba shi ya sunkuya a kasuwa?" Muryar ta ɗan tashi. "Wane wawan tela ne zai yi wannan?"

"Ni ne."

Tela ya juyo. Matar ta ce rabon da ta ga ya juyo don maganar wani har ta manta. Sai-Ta-Kama ya ɗaga ɓarin ya nuna masa kumfar, ya ba shi labarin zaren da ido ba ya gani, yadda 'yarsa ta faɗa, yana cewa sunan abin ne dai ya sake ɓace masa. Tela ya karɓa ya kai kusa da ido, ya kankara da farce, irin yadda yake duba bakin yadi.

Ya ce, "Kai da ake ce wa Sai-Ta-Kama?"

"Ni ɗin."

"Ashe kai ma kana yin aikin ranar kasuwa."

"Sau ɗaya na yi, a kanka. Na ji tsoron kada ka ƙi dawowa. Ga shi na yi saurin, kuma ka ƙi dawowar."

Tela ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya daɗe yana juya ɓarin. Can ya ce, "Ni in na ɓata wa mutum yadi, ba na aika yaro. Da kaina nake zuwa da tef in sake awo." Ya dubi jakar. "Ka zo da filastar?"

"Kullum da ita nake zuwa."

"To a kawo ruwa. Amma Baba, wannan karon in ka yi gaggawa, da sandar nan zan bi ka."

"In ka iya bi na, ai aikina ya yi."

A tsakar ɗakin aka naɗa filastar, matar na riƙe da roba, yara na leƙe. Zubin kuwa sai da ya jira safiyar da ta yi masa, da wuta tsayayya, da gari daidai awo. Ya zauna kusa da gunkin da tafinsa a kai yana jin ɗumin na hawa a hankali, na sauka a hankali. Maigadi ya leƙo ya ce, "Yaushe?" Kun san amsar da ya samu.

Ban ga ranar da Tela ya fara tsayawa tsakanin ƙarafan koyon tafiya ba. An ce ya yi gumi, ya yi zagi, ya zauna, ya sake tashi. Dungun ya yi masa ciwo makonni, aka yi ta komawa ana goge nan ana cike can, domin ƙafar roba ba takalmi ba ce da za ka zura ka wuce. Abin da na gani shi ne shagon bakin titi a buɗe, da ƙarar keke tana fitowa. Na leƙa. Ƙafa biyu a kan matakin keken, ta hagu na ja, ta dama na taya ta. Ya ɗago ya ce, "Kawu, in ɗinki ka kawo ka bi layi, in kallo ka zo yi ka matsa, kana tare mini haske."

Da direba ya dawo daga doguwar tafiyarsa, a tsaye ƙanen ya tarbe shi a bakin shago. An ce ƙaton nan zama ya yi a kan dakali ya rufe fuska da hula. Daga nan bai wuce gida ba sai asibiti. Ya tsaya a ƙofar ɗakin baya yana murza hular, ya ce, "Baba, bakina ya yi maka laifi." Sai-Ta-Kama yana kan awo, bai ɗago ba. Sai da allurar sikeli ta tsaya ya ce, "Hannuna ne ya fara. Shigo, kana hana iska wucewa."

Yanzu za ka ajiye aiki, Sai-Ta-Kama. Akwai mata masu zuwa rijiya da ƙafarka, da manomi mai bin kunya da ita, da malamin da ke tsayawa gaban allo ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin wandonsa. Ba su san sunanka na yanka ba, wasu ma sun manta fuskarka, kuma na san hakan bai dame ka ba. Mun gode. Allah ya warkar da hannuwan nan, ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa waɗanda ka koya wa aiki a ɗakin nan su gaji idonka da kunnenka, su gaji har gudumar.

Ku kuma masu sana'a, manya da yara, ban ce kada ku yi kuskure ba, wanda ya fi ku ma ya yi. Cewa na yi, ranar da aiki ya fito yana sheƙi, mai shi yana murna, kai kaɗai ka san abin da ke ciki, to ka tuna akwai wanda zai ɗora nauyinsa duka a kai ya shiga titi. Ka faɗa da bakinka. In ta kama a fasa, ka fasa. Sannan kada ka tsaya nan: ɗauki jakarka ka bi mutumin har gida, ka zauna a dakalinsa, har ranar da zai juyo.